Tsatsa a Tankin Babur: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Mashin a Katsina da Kewaye

Waɗannan tambayoyi su ne ake ta maimaitawa a bakin garejin kanikawa da majalisun 'yan acaɓa, daga Ƙofar Ƙaura har Daura da Mai'aduwa, musamman daga watan Agusta zuwa shigowar hunturu, lokacin da mashina ke fara tari suna mutuwa a tsakiyar titi. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Duk wanda zai taɓa tanki da hannunsa, don Allah ya fara karanta amsa ta 4 kafin ya ɗauki sifana.

1. Mashin ɗina yana cikin tafiya sai ya shaƙe ya mutu. Ta yaya zan gane daga tanki ne?

Ka sami kwalba mai haske, ka zare tiyon mai daga jikin kafireta, ka buɗe famfon mai zuwa rizab, ka tari kamar rabin kofi. Ajiye ta minti 2 ka duba gindinta. In ka ga jan gari kamar na bulo ya kwanta, ko wasu ƙwallaye masu sheƙi suna birgima a ƙarƙashin man, to tsatsa ce da ruwa. Sannan ka buɗe murfin tanki ka haska da tocila, ba da ashana ko laita ba, ka duba ƙasan tankin ta gefe biyu.

Akwai alamar da ba ta cika ƙarya ba. Famfon mai yana da bututu biyu a cikin tanki, dogo da gajere. Dogon shi ne na kullum, gajeren na rizab, kuma shi ke zuƙo abin da ke can ƙasa. Idan mashin yana lafiya ƙalau, amma kana juyawa rizab sai ya fara tari, dattin yana kwance a ƙasan tanki. Mutane da yawa sun sauya fulogi sau biyu sau uku a kan wannan matsala, alhali fulogin ba shi da laifi.

2. Me ke kawo tsatsa, alhali fetur nake zubawa ba ruwa ba?

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da ruwa da iska, kuma duka biyun suna samun hanyar shiga tanki. Ruwa ya fi fetur nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen gram 750. Shi ya sa ko cokali ɗaya ne ya shiga, nutsewa zai yi ya kwanta a kan ɗinkin ƙasan tanki, fetur ya rufe shi ta sama ya hana shi bushewa. A nan zai zauna wata da watanni yana cin ƙarfe.

Hanyoyin shigarsa kuwa sanannu ne. Robar murfi ta tsage, ruwan sama ko na wajen wanki ya zurara. An sayi man bumburutu daga jarkar da ta kwana a buɗe, ko aka zuba da mazurarin da ruwa ya jiƙa. Sai kuma wadda ba a gani da ido, wato raɓa: tankin da babu mai sosai cike yake da iska, in damina ce iskar na ɗauke da laima, dare ya yi ƙarfe ya huce, laimar ta zama ɗigo a bangon ciki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da a da ba ta kai naira 200 ba, sai ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mutane suka koma zuba lita ɗaya ko biyu, wasu suka jingine mashinan gaba ɗaya. Tankin da ke ɗaukar lita 10 zuwa 12 amma kullum lita 1 ce a ciki, kusan duk bangonsa a tsirara yake.

3. Tsatsar ba ta da yawa. In na sa filta a tiyo bai wadatar ba?

In ɗigo-ɗigo ne ja a bango, ka shafa da sanda ba abin da ya ɓare, to juye tsohon man, ɗauraye da sabo, sa filta ka ci gaba da harkarka. Filtar roba mai haske ta fi, don kana ganin abin da ta tare. Amma in tsatsar ta fara ɓarewa kamar ɓawo, filta za ta toshe cikin kwanaki, kuma ba ta hana ƙarfe ci gaba da cinyewa. Wannan sai wanki.

4. Mene ne hatsarin aikin nan?

Wuta. Tankin da aka juye mai daga cikinsa ya fi cikakke hatsari, domin tururin fetur ne ke kamawa, kuma kashi 2 cikin 100 na tururin a cikin iska ya isa ya fashe. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana iya rarrafawa daga zaure har madafa inda uwargida ta hura gawayi. Don haka a fili ake aikin, nesa da murhu, janareto mai aiki, mai shayi, mai walda da mai shan sigari. Yara su yi nisa.

Kada ka zuƙi mai da baki ta tiyo. In wani ya haɗiyi fetur ko kananzir, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin in man ya faɗa huhu shi ne babbar illa. A kai shi asibiti mafi kusa. In ruwan tsamin da ake wanke tsatsa da shi ko asid ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti. Safar hannu ta roba da tabarau ba su da tsada.

Ruwan da ka gama wanki da shi, kar ka zuba kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha, kuma kar ka adana kowane sinadari a robar lemo ko ta ruwan sha. Yaro ba ya tambaya kafin ya kai baki.

5. Yaya ake cire tankin, kuma me za a kwance daga jikinsa?

Rufe famfon mai, zare tiyo, juye man a galan. Cire kujera, kwance notin da ke riƙe da bayan tanki, ja shi baya kaɗan ya fita daga robobin gaba. In akwai gejin mai, cire wayarsa kafin ka ɗaga. Daga nan kwance famfon mai da fulot ɗin geji ka ajiye gefe, domin ba ƙarfe ɗaya ba ne da tanki, tsami yana cin su. Toshe ramukan da guntun robar tayar ciki da ɗan faranti ka ɗaure da notinsu, ko ka sassaƙa itace ka naɗe da leda ka cusa.

Kafin komai ka wanke cikin da ruwan zafi da omo sau 2 ko 3. Wannan yana rage tururin fetur, yana kuma cire maiƙo da danƙon tsohon mai, wanda in yana nan tsami ba zai kai ga tsatsar ba. Ka naɗe wajen tankin da tsohon bargo ko buhu don kar fenti ya goge.

6. Na ga kanikawa na zuba noti a tanki suna girgizawa. Yana aiki?

Yana aiki sosai, kuma shi ne matakin farko ga duk tankin da tsatsarsa ke ɓarewa. Zuba noti da ƙananan kusoshi cikin tafin hannu biyu, ƙara ruwan omo ko kananzir kamar lita 1, rufe, ka yi ta jijjigawa kana juya shi ta kowace fuska: sama, ƙasa, gefe, musamman lungunan nan biyu da suka sauko gefen firam. Minti 15 zuwa 20, ka huta, ka juye, ka sake. Za ka ga ruwan farko ya fito ja wur da ɓarɓashi. Kar ka girgiza a bushe, ƙarfe kan ƙarfe yana iya ba da tartsatsi.

Ƙirga notin kafin ka zuba, ka ƙirga bayan ka fitar. Bakin tanki yana da leɓe ta ciki wanda ke hana abu faɗowa, sai ka ɗaura mayen ƙarfe a waya ka kamo ragowar. Guntuwar sarƙa ta fi sauƙi, tunda kana kama kai ɗaya duk ta fito. Yashi kam a'a. Yana maƙalewa a ɗinkin tanki, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan zuwa kafireta, in ya wuce can kuma ya ci fistin da silinda. Tsakuwa ma ban so ta ba, don tana farfashewa ta koma yashin.

7. Bayan girgiza, da me zan jiƙa shi?

Abu biyu ne masu sauƙin samu kuma ba su da mugun hatsari. Na farko farin ruwan kal, wanda ake sayarwa a kantunan kayan abinci, tsaminsa wajen kashi 5 cikin 100. Ana cika tankin da shi har baki, a bar shi kwana 1 zuwa 2. In kuɗin cika tanki ya yi yawa, zuba rabi, ka kwantar da tankin ta gefe ɗaya yini guda, ka juya ɗaya gefen, ka kifa shi. Na biyu garin sitirik asid, wanda masu sayar da kayan haɗa sabulu da lemo ke ajiyewa. Gram 50 a kowace lita ta ruwan ɗumi ya isa, kuma yakan fi ruwan kal sauri da araha tunda gari ne kake dama wa da kanka.

Zafi yana gaggauta aikin, don haka ajiye tankin a rana. Kar ka ɗaure murfin tam, domin tsami da ƙarfe suna fitar da iska wadda ke buƙatar mafita, kuma iskar tana kama wuta. Duba bayan awa 12, ka ci gaba da leƙawa. Da ka ga ƙarfe ya koma toka-toka babu ja, lokaci ya yi. Barin sa mako guda ba ƙarin tsabta ba ne, tsamin zai bar tsatsa ya koma cin lafiyayyen ƙarfe.

Kafin ka juye ruwan, ka tabbata kayan da aka lissafa a amsa ta 11 suna gabanka. Kar ka fara juyewa da magariba.

8. Gaskiya ne Coca-Cola na cire tsatsa? Lemun tsami da tsamiya fa?

Akwai ɗan fosforik asid a cikin Coca-Cola, shi ya sa take ɗan haskaka tsohon noti. Amma kaɗan ne ƙwarai, ga sukari da zai bar danƙo, ga kuɗin cika tanki da ita. Lemun tsami da jiƙon tsamiya suna da tsamin da ke cin tsatsa da gaske, sai dai lita 10 na ruwan lemun tsami ba ƙaramin aiki ba ne, tsamiya kuma tana barin tuƙa. In babu wani abu a ƙauye sai ita, a jiƙa da kauri, a tace da ƙyalle sau 2, a yi haƙuri da ita kwanaki.

9. Wani ya ce in zuba ruwan batir, minti 10 an gama. In yi?

Kar ka yi, ɗan'uwa. Ruwan batir salfurik asid ne mai ƙarfi, kusan kashi ɗaya bisa uku na ruwan. Ba ya bambanta tsatsa da ƙarfe, kaurin bangon tanki kuwa bai cika wuce milimita 1 ba, tsatsa ta riga ta ci wani abu daga ciki. Za ka ga ciki ya yi fari tas ka yi murna, amma asid ɗin ya shige cikin ɗinkin ƙasa inda ɗauraya ba ta kai, yana ci gaba da aiki a ɓoye. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ka ga fenti ya kumbura a ƙasan tanki, mai yana tsattsafowa daidai saman injin mai zafi. Ban da ƙona hannu da makantar da ido.

Haka ruwan wanke masai mai ƙarfi. Yawancinsa haidurokulorik asid ne, yana cin tsatsa da sauri, amma tankin da aka wanke da shi ya fi kowanne saurin sake yin ja. In kuma aka haɗa shi da bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne mai kisa. Wanda ya sami fosforik asid na ainihi, irin wanda masu fentin mota ke shafa wa ƙarfe kafin fenti, shi ne asid ɗin da ya dace da tanki, domin yana barin wata baƙar fata siririya da ke jinkirta dawowar tsatsa. A bi umarnin da ke jikin robar wajen sirkawa, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba.

10. Na ji ana cire tsatsa da cajar batir. Yaya abin yake?

Hanya ce mai kyau, kuma ba ta cin lafiyayyen ƙarfe. Ana cika tanki da ruwan da aka narkar da soda ash a ciki, wannan farin garin na masu haɗa sabulu, babban cokali 1 a kowace lita 4. Sai a sami guntun rodi a lanƙwasa, a zura ta bakin tanki ta cikin toshiyar itace ko roba, yadda ba zai taɓa jikin tankin ko ta ina ba. Baƙar waya ta caja mai bolt 12 a maƙala a jikin tanki inda aka kankare fenti, jar waya a kan rodin. Kar a juya su: in aka sa ja a tanki, tankin ne zai cinye.

Bayan ɗan lokaci za ka ga kumfa tana tasowa, rodin ya tara jar laka. Kashe caja, ciro shi, kankare, mayar. Aikin yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3 gwargwadon tsatsar. Kumfar nan iskar haidurojin ce, don haka a fili, baki a buɗe, ba wuta kusa. Kar a sa gishiri a madadin soda, kar kuma a yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa irin na cokali a madadin rodi, dukansu suna haifar da guba.

Matsalarta biyu. Ta fi cin inda ke fuskantar rodin, lungu kuwa sai a hankali. Sannan tana son wuta mai ɗorewa, kuma cajojin zamani masu kashe kansu ba sa yarda su ba da wuta in ba su ji batir ba. Tsohuwar caja irin ta masu cajin batir a kasuwa ita ce daidai, ko farantin sola ƙarami, tunda rana ba ta yi mana rowa a nan.

11. Na wanke ya yi fes da safe, kafin la'asar ya sake yin ja. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan yawancin aiki ke lalacewa. Ƙarfen da tsami ya wanke ba shi da wata kariya, ga shi a jiƙe, ga iska. Cikin minti kaɗan yake fara yin ruwan zuma, cikin awa guda ya yi ja. Duk wahalar kwana biyu tana rataye ne a kan rabin awar da ke biye da juye ruwan tsami.

Ga yadda ake yi, ba tare da tsayawa amsa waya ba. Juye tsamin, ɗauraye da ruwa sau 3 ko 4 har ya fito fari. Zuba ruwan da aka narkar da bekin soda, babban cokali 3 ko 4 a lita 2, jijjiga minti 2 don ya kashe ragowar tsamin. In babu, jiƙon kanwa yana yin wannan aiki, amma a tace shi da ƙyalle don kanwa ba ta rasa yashi. Ɗauraye na ƙarshe da tafasasshen ruwa, domin ƙarfen ya ɗauki zafi ya busar da kansa. Kifa, girgiza, tsane. Sai ka zuba sifirit kamar rabin lita ka zagaya da shi ko'ina ka juye: sifirit yana haɗuwa da ruwa ya fito da shi daga cikin ɗinki, abin da fetur ba ya iyawa. Ka kiyaye kar ya zuba a kan fenti. Daga nan iska. In akwai mai faci kusa, ka shirya da shi tun kafin ka fara, ya hura maka ta bakin tanki da ramin famfo, amma ya fara hurawa a tafin hannunsa a gani, don tukunyar iskar ma tana tara ruwa. Sannan rana, baki a buɗe. Kada a gasa tanki a kan wuta.

Yana bushewa, kar ka bar shi ya kwana haka. Dama baƙin mai sabo kamar cokali 4 a rabin litar fetur, zuba, juya tankin har ya shafi ko'ina, rufi da lungu. In za ka ɗaura a ranar, juye ragowar ka cika tanki da mai har wuya. Ɗan hayaƙin da mashin zai yi da farko ba komai ba ne. Wannan aiki na rani ne da tsakar rana. A watan Agusta, da hadari a sama, sai ka ninka himma wajen sifirit da iska.

12. Zan iya fente cikin tankin don kar ya sake?

Da fentin gida ko jan fentin ƙofa, a'a. Fetur yana narkar da su, su saɓule su toshe famfo da kafireta, ka koma gidan jiya ko ma abin da ya fi shi. Akwai ruwan shafe cikin tanki da aka yi musamman don jure fetur, irin su POR-15 da Red-Kote, ana zubawa a juya a tsiyaye a bar shi kwanaki ya bushe. Sai an yi odarsu, kuma kuɗinsu kan kai na sabon tankin Boxer ko Jincheng, ko ya wuce. Sun dace da tsohon mashin da ba a samun tankinsa a kasuwa. In za a shafa, a tsallake matakin baƙin mai na amsa ta 11, domin ba ya kama ƙarfe mai maiƙo ko mai laima, kuma wanda aka shafa ba daidai ba cire shi ya fi cire tsatsa wuya.

13. Kafin wanki ba ya yoyo, yanzu yana yi. Wankin ne ya huda shi?

Yawanci ramin yana nan tun da, tsatsa da fenti ne suka toshe shi. Gara ka gan shi yanzu da ka gan shi a hanyar Jibiya da dare. Don gano wurin, cika tankin da ruwa tun kafin matakin busarwa, goge waje ya bushe, ɗora a kan kwali ka ga inda ya jiƙe. Sabulun wanki na sanda da ake gogawa a rami yana tsayar da yoyo har ka isa gida, tunda fetur ba ya narkar da shi, amma iyakarsa ke nan. Gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu yana riƙe ƙaramin rami ɗaya in an kankare wurin har farin ƙarfe an goge maiƙo. Gyara mai ɗorewa shi ne dalma, kuma masu gyaran lagireto sun fi kowa iya ta. Dubi amsa ta 14 kafin wuta ta kusanci tankin, da ta 16 in ramukan sun yi yawa.

14. Mai walda ya ce in an ɗauraye da ruwa sau ɗaya ya isa a sa wa tankin wuta. Haka ne?

Bai isa ba. Fetur yana ɓuya a cikin ɗinki da ƙarƙashin tsatsa, zafi na taɓa shi ya zama tururi. Tankin da ya shekara a jingine ma yana iya tashi. A wanke da ruwan zafi da omo sau da yawa, a cire murfi da famfo, sannan a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aikin, yadda ba sauran wurin da tururi zai taru. Dabarar zura tiyon salansa a tanki don hayaƙi ya kori tururi ba abin dogaro ba ce. Mafi aminci shi ne dalma da ƙarfen da aka gasa a can nesa aka kawo, ba harshen wuta a jikin tanki. In maigidan garejin ya ce yaronsa ya yi, shi ya koma gefe, ɗauki tankinka ka tafi wani wuri. Yaron nan ɗan wani ne.

15. Na wanke tanki amma mashin bai daina tari ba.

Tsatsar da ta riga ta wuce tana nan a gaba. Kwance famfon mai ka wanke ragarsa da ɗan kofin da ke ƙasansa, in yana da shi. Sauya tiyo, ba shi da tsada, tsohon kuma yana riƙe gari a ciki. Buɗe kofin kafireta ka wanke, ka ciro jet biyun, wato ƙananan notin nan masu rami da mai ke bi, ka hura. Ramin ƙaramin jet, wanda ke riƙe da silo, bai kai rabin milimita ba, ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta toshe shi, shi ya sa mashin ke mutuwa da ka saki totur. Kar a sa allura a buɗa shi, ramin zai faɗaɗa mashin ya koma shan mai. In kuma kafireta na zubar da mai ta ƙasa, datti ne ya hana allurar fulot rufewa. Ka gama da sabuwar filta, kibiyarta na kallon kafireta.

16. Yaushe ya kamata in haƙura in sayi wani tankin?

In ka danna ƙasan tankin da babban yatsa ya lotsa, ko ramuka sun jeru a kan ɗinki, ko an taɓa liƙe shi sau biyu. Na Boxer, Jincheng, Haojue da TVS ana samunsu wurin masu sayar da kayan babur. Sabon ma ka haska cikinsa kafin ka biya, don wasu sun daɗe a shago suna shan laima. Ga ɗan acaɓa akwai wani lissafin: kwana 3 mashin na jingine, kwana 3 ne babu kuɗin cefane, ga balas na jira.

17. Zan sayi mashin na hannu a kasuwa. Me zan duba a tanki?

Tafi da tocila. Haska ciki, sansana: tsohon mai yana warin fenti mai tsami. Shafa hannu a ƙarƙashin tanki ta gefe biyu ka ji ko akwai tudun gam, ko sabon fenti a ƙasa kawai. Ka ce a juya famfo zuwa rizab a tayar a bar shi yana aiki minti 5, saboda dalilin da aka faɗa a amsa ta 1. Tsatsa ba ta hana ciniki, amma a cire kuɗin tanki daga farashi.

18. Yaya zan hana ta dawowa?

Ka toshe hanyar ruwa. Sauya robar murfi da zarar ta tsage, rufe murfin da leda a wajen wanki, kar ka bar mashin ƙarƙashin indararo. In dole ta sa ka sayi bumburutu, ɗaga kwalbar ka dubi gindinta a haske, kar kuma a juye maka ɗigon ƙarshe na jarka. Sau ɗaya a wata cikin damina, tari ɗan mai ta rizab a kwalba kamar yadda aka nuna a amsa ta 1, ka kuma sassauta notin ƙasan kafireta ruwa ya fita.

Cika tanki kullum ba kowa ke iyawa ba a wannan tsada, amma ko sau ɗaya a mako aka cika, man yana wanke bango ya kori iska. In za ka jingine mashin wata 1 ko 2, kamar mai tafiya cirani ko aikin Hajji, bar shi cike, rufe famfo, tsiyaye kafireta. In ajiyar ta fi haka tsawo, fetur da kansa zai lalace ya zama danƙo, don haka juye shi duka, shafe ciki da baƙin mai, rufe, ajiye a inuwa inda ba laima.

19. Wannan duk ya shafi tankin janareto da injin ban-ruwa?

Ƙwarai, in tankin na ƙarfe ne. Injin ban-ruwa ma ya fi babur kamuwa, domin manoman rani na bakin dam ɗin Ajiwa da Jibiya suna ajiye shi ne daidai lokacin da damina ta sauka, da ɗan guntun mai a ciki, sai bayan kaka a tuna da shi. Tankinsa ƙarami ne, bakinsa da faɗi, lita 3 ko 4 na ruwan tsami sun cika shi, hannu ma yana kaiwa wasu wuraren da burushi. A cire ragar bakin tanki da famfo, a bi amsa ta 5 zuwa ta 7, sannan ta 11. Tankin roba ba ya tsatsa, amma yana tara ruwa da laka a ƙasa, don haka shi ma a juye a ɗauraye da fetur mai tsabta kafin a kai injin gona.